Nazarin Harsunan Rumawa da Adabinsu a Jami'a

A wajen birnin Bauchi akwai wani wuri da ake kira Gubi. Abubuwa biyu ne suka fito da sunansa: madatsar ruwan da ke shayar da birnin, da kuma mazaunin dindindin na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. An kafa wannan jami'a a shekarar 1980 domin koyar da kimiyya da fasaha. A 1984 aka haɗe ta da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sannan a 1988 ta sake tsayawa da ƙafafunta da sunan da aka san ta da shi a yau. Saboda haka yawancin ɗaliban da suka tashi a wannan yanki, in aka ambaci jami'a, abin da ke fara zuwa musu a rai shi ne aikin injiniya, ko noma, ko ilimin kwamfuta.

Waɗannan fannoni suna da muhimmanci ƙwarai, amma ilimi kogi ne, ba shi da mashigi guda. Injiniyan da ya fito daga Gubi, in aiki ya kai shi Maraɗi ko Garwa ko Injamena, zai tarar da takardun kwangila da dokokin ƙasa a cikin Faransanci. A nan ne zai nemi wanda ya yi wani karatu dabam, wato nazarin harsunan Rumawa da adabinsu. Wannan darasi zai bayyana mene ne waɗannan harsuna, da abin da ake koyo a cikinsu, da inda ake koyar da su, da kuma abin da ya kamata ɗalibi ya auna kafin ya zaɓi fannin.

Asalin harsunan

Harsunan Rumawa su ne waɗanda suka tsiro daga Latin, harshen tsohuwar daular Rum. Da Turanci ana kiran su Romance, abin da ke sa wasu su ɗauka cewa harsunan soyayya ne. Ba haka ba ne. Sunan ya fito ne daga kalmar Latin romanice, wadda ke nufin yin magana irin ta mutanen Rum.

Sojoji da fatake da ma'aikatan daular ne suka yaɗa Latin a kudanci da yammacin Turai. Abin da suke magana da shi a kasuwa da bariki ya bambanta da Latin ɗin littattafai. Da ɓangaren yamma na daular ya rushe a shekarar 476, sai zirga-zirga tsakanin larduna ta ragu, kowane yanki ya ci gaba da sarrafa harshen yadda bakinsa ya saba. Sannu a hankali kare-karen harshe suka yi nisa da juna, har mutumin wannan yanki ya daina fahimtar na wancan. Rubutu mafi tsufa da masana ke ɗauka a matsayin Faransanci shi ne wata rantsuwa da jikokin Sarki Sharliman biyu suka yi wa juna a birnin Strasbourg a shekarar 842.

Manya daga cikin waɗannan harsuna guda biyar ne: Sifaniyanci, Fotugisanci, Faransanci, Italiyanci da Romaniyanci. Mutane kusan miliyan 500 ne suka buɗi baki da Sifaniyanci, mafi yawansu a nahiyar Amurka. Ƙasar Barazil kaɗai tana da mutane fiye da miliyan 200, kuma Fotugisanci ne harshenta. Ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ta ƙiyasta masu jin harshen da miliyan 321 a shekarar 2022, kuma fiye da rabin waɗanda ke magana da shi kullum a Afirka suke.

Yadda ake gane dangantaka

Masanin harshe ba ya cewa harsuna dangi ne don kawai ya ji kalma ɗaya ko biyu sun yi kama. Abin da yake nema shi ne sauyin sauti mai bin ƙa'ida. Mu ɗauki kalmomi uku na Latin: noctem, wato dare, octo, wato takwas, da lactem, wato madara, kamar yadda talakawa ke faɗar ta. Dukkansu suna da ct a tsakiya. A Italiyanci sun zama notte, otto, latte. A Sifaniyanci sun zama noche, ocho, leche. A Fotugisanci noite, oito, leite. A Faransanci nuit, huit, lait. A Romaniyanci kuwa noapte, opt, lapte. Kowane harshe ya bi hanya guda wajen sauya wannan sauti, bai kauce ba. Wanda ya gane ƙa'idar, in ya san kalma a harshe ɗaya, sau da yawa zai iya hasashen siffarta a sauran.

Mai koyon Hausa ba baƙo ba ne ga irin wannan sauyi. Basakkwace yana cewa zamna, sabka, biyat, Bakano kuma ya ce zauna, sauka, biyar. A wasu sassan Bauchi da Zazzau ba a cika bambanta jinsin namiji da na mace ba, har a ji mutum ya ce matana a inda daidaitacciyar Hausa ke cewa matata. Irin wannan ya faru ga Latin: tana da jinsi uku, amma Faransanci da Sifaniyanci da Fotugisanci biyu suka riƙe. Haka nan, hanyar da aka bi aka gano dangantakar waɗannan harsuna ita ce aka bi aka tabbatar da cewa Hausa da Sayanci da Warjanci da Bolanci duk 'yan gida ɗaya ne, wato dangin harsunan Cadi.

Akwai ma wata zumunta da ta haɗa mu da su ta hanyar Larabci. Musulmi sun yi mulki a sassan Andalus daga shekarar 711 zuwa 1492, suka bar kalmomi masu yawa a Sifaniyanci da Fotugisanci. Kalmar Larabci da ta ba Hausa alƙali ita ce ta ba Sifaniyanci alcalde, wato magajin gari. Wadda ta ba mu sukari ita ce ta ba su azúcar.

Me ya haɗa mu da waɗannan harsuna?

Dalili na farko shi ne maƙwabtaka. Nijeriya ta yi iyaka ta ƙasa da ƙasashe huɗu: Binin, Nijar, Cadi da Kamaru. Dukkansu Faransa ta yi mulki a cikinsu, kuma Faransanci ne harshen da aka fi rubuta takardun hukuma da shi. Ta ɓangaren teku akwai Ikwatoriyal Gini mai amfani da Sifaniyanci, da tsibiran Sao Tome masu amfani da Fotugisanci. Wannan ne ya sa a 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta bayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu, kuma manufar ilimi ta ƙasa ta 1998 ta sa shi cikin darussan da ake so kowane yaro ya koya. Sai dai faɗa ba cikawa ba: makarantu da yawa, musamman a karkara, ba su da malamin da zai koyar da shi.

Dalili na biyu shi ne ƙasar Hausa kanta. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta raba Katsina da Maraɗi, ta raba Daura da Damagaram. Shi ya sa Hausar Nijar ta ari kalmomi daga Faransanci kamar yadda ta Nijeriya ta ara daga Turanci. A can za ka ji lakwal a maimakon makarantar boko, mushe a maimakon malamin boko, kamiyo a maimakon babbar mota, isansi a maimakon fetur. Duk wanda ke son ya rubuta tarihin Gobir ko Damagaram ko Adar a ƙarni na 20, dole ya karanta rahotannin da jami'an Faransa suka bari.

Dalili na uku tarihi ne mai nisa. Fotugisawa sun isa masarautar Bini tun ƙarshen ƙarni na 15. Sunan Legas daga harshensu ya fito, ma'anarsa tafkuna, haka ma kalmomin sabi da pikin na Turancin buroka. A zamanin cinikin bayi an kai Hausawa da yawa lardin Bahiya na Barazil. Su ne suka shirya yunƙurin tawaye na 1807, kuma a watan Janairun 1835 bayi da 'yantattu Musulmi, mafi yawansu Yarabawa, suka yi babban bore a birnin Salvador. Bayanan shari'ar da aka yi musu suna nan da Fotugisanci. Wannan babi ne na tarihinmu da ba zai buɗu sosai ba sai ga wanda ya mallaki mabuɗin harshen.

Abin da ake koyo

Digirin farko a wannan fanni shekara huɗu ne. A jami'o'in Nijeriya Faransanci ne ginshiƙi, sau da yawa kuma akan ɗora wa ɗalibi wani harshen waje na biyu. Karatun ya kasu kashi huɗu.

Na farko shi ne harshen kansa: ji, magana, karatu da rubutu. A nan ɗalibi zai yi fama da wasulan da ake furtawa ta hanci, da haruffan da ake rubutawa amma ba a furta su, da aikatau mai sauya siffa gwargwadon mai aiki da lokaci. Wanda ya san Hausa yana da ɗan sauƙi, domin ya saba da raba sunaye zuwa namiji da mace. Amma sai ya yi hattara: a Hausa rana mace ce, wata namiji, a Faransanci kuwa akasin haka ne. Haka kuma, yadda Bahaushe ke ce wa babba ku don girmamawa, haka Bafaranshe ke cewa vous a maimakon tu. Wanda ya san Turanci shi ma ya sami jari, domin tun bayan da Normawa suka ci Ingila a 1066 dubban kalmomin Faransanci suka shiga Turanci.

Na biyu shi ne kimiyyar harshe: tsarin sauti, ginin kalma, ginin jimla, ma'ana, da tarihin harshen. Ɗalibi zai ji yadda hukuma ke ɗaga harshe. A 1492 Antonio de Nebrija ya wallafa nahawun Sifaniyanci na farko. A 1539 Sarkin Faransa ya yi dokar cewa a riƙa rubuta takardun shari'a da Faransanci a bar Latin, a 1635 kuma aka kafa majalisar masana mai kula da harshen. Ana iya kwatanta wannan da aikin da Hukumar Fassara da kamfanin Gaskiya suka yi a Zariya wajen daidaita rubutun Hausa.

Na uku shi ne adabi, wanda za mu yi bayaninsa a ƙasa. Na huɗu kuwa shi ne fassara da tafinta. Fassara a rubuce ake yin ta, tafinta kuma da baki, nan take. Dukkansu suna buƙatar natsuwa, domin kama da wane ba ta wane. Kalmar burro a Italiyanci man shanu ce, a Sifaniyanci kuwa jaki. Ƙaramin kuskure a takardar asibiti ko ta kotu yana iya jawo asarar dukiya ko ta rai.

Adabin da ake karantawa

Daga Turai, ɗalibi zai haɗu da Dante na Italiya, wanda ya rasu a 1321, ya kuma zaɓi ya yi babbar waƙarsa da harshen mutanen garinsu maimakon Latin. Zai haɗu da Cervantes na Sifen, wanda ya fitar da kashin farko na Don Quijote a 1605, labarin wani dattijo da karatun littattafan jarumai ya juya masa tunani. Zai karanta wasannin kwaikwayon Molière masu yi wa rowa da munafunci ba'a, da Victor Hugo wanda ya ba da labarin talakawan Faransa a 1862.

Amma abin da ya fi kusa da zuciyar ɗalibin Afirka shi ne abin da 'yan Afirka suka rubuta da waɗannan harsuna. A shekarun 1930 Léopold Sédar Senghor na Senegal da Aimé Césaire na tsibirin Martinik da Léon Damas suka fara wani yunƙuri a birnin Paris na alfahari da baƙar fata da al'adunta. Cheikh Hamidou Kane, a littafinsa na 1961, ya kawo labarin yaron da aka ɗauke daga makarantar allo aka kai makarantar boko, da ruɗanin da ya shiga tsakanin tarbiyya biyu. Mariama Bâ, a littafinta Une si longue lettre na 1979, ta sa wata mata mai takaba ta rubuta wa ƙawarta doguwar wasiƙa a kan aure da kishiya da riƙon 'ya'ya. Waɗannan batutuwa ba baƙi ba ne a Bauchi ko Kano.

Mafi kusa da gida shi ne Abdoulaye Mamani na Nijar. A 1980 ya wallafa Sarraounia, labarin sarauniyar Aznan Lugu wadda ta yi tsayin daka gaban rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899. Sunan littafin ma Hausa ne, an dai rubuta shi da ƙa'idar Faransanci. Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986. Ga labarin ƙasar Hausa, amma Bahaushen da bai iya Faransanci ba sai dai a ba shi labarinsa.

Inda ake koyarwa

Tun da jami'ar da ke Gubi ta fi karkata ga kimiyya da fasaha, ɗalibin Bauchi mai son wannan fanni yakan duba jami'o'in da ke da tsangayar fasahar harshe da adabi. Ana koyar da Faransanci a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da jami'o'in Jos da Maiduguri. Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ta yi suna wajen koyar da Fotugisanci. Sharuɗɗan shiga sukan bambanta daga jami'a zuwa jami'a, don haka wajibi ne ɗalibi ya karanta littafin jagora na hukumar JAMB tun yana aji huɗu na sakandare, kafin ya zaɓi darussan da zai rubuta a jarrabawar ƙarshe.

Harshe ba ya zama a baki sai an zauna da masu shi. A da, akan tura ɗaliban shekara ta uku zuwa Faransa ko wata ƙasar Afirka mai amfani da Faransanci. Da tattalin arziki ya yi tsanani a shekarun 1980, wannan ya gagara. Sai gwamnatin tarayya ta kafa Ƙauyen Faransanci na Nijeriya a Badagiri, jihar Legas, a 1991, inda ɗalibai daga jami'o'i dabam-dabam ke zama tare suna harkokinsu da harshen. Ban da jami'a, akwai cibiyoyin Alliance Française, kamar wadda ke Kano, inda ake koyarwa, ake kuma shirya jarrabawar DELF da DALF, masu auna ƙwarewa a matakai shida, daga A1 zuwa C2.

Aikin da ke jiran mai wannan ilimi

Koyarwa ita ce babbar ƙofa, ganin ƙarancin malamai. Bayan ita akwai aikin jakadanci, da kwastan, da shige da fice, da bankunan da ke da rassa a ƙasashen maƙwabta. Ƙungiyar ECOWAS, wadda aka kafa a Legas a 1975, hedikwatarta kuma take Abuja, da Turanci da Faransanci da Fotugisanci take aiki. Hukumar Tafkin Cadi, da aka kafa a 1964, tana Injamena. Faransanci da Sifaniyanci suna cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya. Rediyon Faransa ya buɗe sashen Hausa a 2007. Ko layin dogon Kano zuwa Maraɗi, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal aka bai wa kwangilarsa a 2021.

Duk da haka, kada ɗalibi ya ɗauka takardar digiri kaɗai za ta buɗe masa waɗannan ƙofofi. Guraben manyan ƙungiyoyi kaɗan ne, masu nema kuma suna da yawa, cikinsu har da waɗanda suka yi dukkan karatunsu da Faransanci. Wanda ya gama jami'a bai iya riƙe hira ta minti goma ba, wahala kawai ya sha. Shi ya sa masu hangen nesa ke haɗa harshe da wata sana'a, kamar shari'a, aikin jarida, kasuwanci ko kiwon lafiya.

Wata tambaya mai nauyi

A 'yan shekarun nan dangantakar Faransa da wasu ƙasashen Sahel ta yi tsami. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025. A cikin wannan shekarar Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, alhali a Yamai aka aza harsashinta ranar 20 ga Maris, 1970. Ta kuma ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki. To, shin har yanzu akwai amfanin koyon Faransanci?

Masu cewa babu suna da hujja: harshen mulkin mallaka ya daɗe yana danne harsunan gida, kuma yaro ya fi fahimtar karatu da harshen uwa. Masu cewa akwai su ma suna da tasu: dokoki da littattafan makaranta da kundayen tarihi na fiye da shekara 100 ba za su koma Hausa da kansu ba. Sai an sami mutanen da suka ƙware a harsunan biyu kafin a fassara su. Ke nan ɗaukaka Hausa ƙara buƙatar mafassara take yi. Abin lura a nan shi ne, wanda bai riƙe harshensa da kyau ba, ba zai iya zuba ilimin wani harshe a cikinsa ba.

Shawara ga ɗalibi

Wanda ke sha'awar wannan fanni ya fara tun yanzu. Ya riƙe darasin Faransanci in ana yin sa a makarantarsu, ya saurari rediyo, ya tanadi littafin rubuta sababbin kalmomi, kada kuma ya ji kunyar yin kuskure a gaban mutane, domin da koyo akan iya. Ya tambayi kansa ko yana son karatu mai yawa, don adabi ba ya yiwuwa ga mai gudun littafi. Ya kuma zauna da iyayensa da malamansa ya bayyana musu inda karatun ke kaiwa. Ku da kuke koyon Hausa a matsayin harshe na biyu kun riga kun san wahalar shiga harshen da ba na gida ba, kun kuma san ribarsa a kasuwa da makaranta. Dabarun da kuka yi amfani da su a nan, su ne za su yi muku aiki a can.

Ma'anar wasu kalmomi

Karin harshe: yadda mutanen wani yanki ke furta harshe. Tafinta: mai juya magana da baki daga wani harshe zuwa wani. Harsashi: tushen gini. Takaba: zaman da mace ke yi bayan rasuwar mijinta. Ginshiƙi: abin da ke riƙe da nauyin gini.

Tambayoyi

1. Daga wane harshe harsunan Rumawa suka tsiro, kuma me ya sa suka rarrabu?
2. Kawo misalai biyu na bambancin Sakkwatanci da Kananci, ka kwatanta su da sauyin da ya sami kalmar octo.
3. Me ya sa aka kafa Ƙauyen Faransanci a Badagiri?
4. Kawo kalmomi uku da Hausar Nijar ta ara daga Faransanci, tare da takwarorinsu a Hausar Nijeriya.
5. Ku kasu gida biyu a aji, ku yi muhawara a kan wannan batu: ɗaukaka Hausa ba ta hana koyon harsunan waje.